Fulanin Sahel da Kuɗin Goron da Ake Yi Musu da Sunan Yaƙi da Ta'addanci

Ranar Lahadi 27 ga Maris 2022, ranar cin kasuwar mako ce a garin Moura da ke yankin Jenne a jihar Mopti ta tsakiyar ƙasar Mali, kuma da yake saura 'yan kwanaki a shiga watan azumi, jama'a sun cika kasuwar fiye da yadda aka saba, makiyaya sun kawo dabbobi, mutanen ƙauyukan kewaye sun zo sayen abin da za su buƙata. Kafin azahar jiragen soja masu saukar ungulu suka bayyana, ɗaya ya buɗe wuta ta wajen kasuwar, sauran suka sauke sojojin Mali tare da wasu fararen fata ɗauke da makamai waɗanda ba Faransanci suke yi ba, waɗanda ƙasashen duniya da dama suka ce sojojin hayar kamfanin Wagner ne na Rasha. Babu mai musun cewa akwai mayaƙan ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta Katiba Masina a cikin kasuwar a ranar, domin sun daɗe suna iko da garin, kuma sun mayar da wuta. Amma musayar wutar ba ta daɗe ba. Abin da ya biyo bayanta, wanda ya ɗauki kwana huɗu, shi ne abin da ya sa sunan Moura ya shiga bakin duniya.

Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sakamakon bincikensa a watan Mayun 2023, bayan gwamnatin Bamako ta hana masu binciken sa ƙafa a garin, lamarin da ya tilasta musu tattara shaida daga waɗanda suka tsira a wuraren da suka gudu. Binciken ya ce an kashe aƙalla mutum 500, cikinsu har da mata kusan 20 da yara 7, kuma an yi wa mata da 'yan mata aƙalla 58 fyaɗe ko wani nau'in cin zarafi makamancinsa. Rundunar sojan Mali kuwa ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe, ta kama 51, kuma ta kira abin da ya faru babbar nasara. Mafi yawan mutanen Moura da makiyayan da ke cin kasuwarta Fulani ne.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan bincike shi ne bayanin yadda aka riƙa zaɓen wanda za a kashe. An tara maza dubbai a fili, aka zaunar da su cikin rana, sannan aka riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da dogon gemu an ware shi, wanda wandonsa bai kai idon sawu ba an ware shi, wanda aka ga wani tabo a kafaɗarsa an ce alamar rataya bindiga ce, har wanda tsoro ya bayyana a fuskarsa an ɗauke shi a matsayin mai abin ɓoyewa. Duk wanda ya san rayuwar garuruwan da masu iƙirarin jihadi suka mamaye ya san cewa su ne suke tilasta wa maza barin gemu da ɗage wando, kuma wanda ya ƙi bi, bulala ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Saboda haka mutumin da ya rage tsawon wandonsa domin ya tsira daga hannun waɗannan, shi ne kuma aka harbe saboda wannan wandon a hannun waɗancan. Makiyayin da ya shekara yana saɓa sanda da gorar ruwa a kafaɗa, ba abin mamaki ba ne a sami kanta a wurin. Wannan shi ne ainihin gaba kura baya sayaki, kuma a cikin wannan hali Fulanin tsakiyar Mali da arewacin Burkina Faso da yammacin Nijar suke rayuwa shekara goma ke nan.

Ya kamata a tambayi yadda aka yi har kalmar Bafulatani ta zama daidai da ɗan ta'adda a kunnen soja da ɗan banga a waɗannan ƙasashe, domin zargin bai faɗo daga sama ba, kuma ɓoye asalinsa ba zai taimaki kowa ba. Yankin da kogin Neja yake malala a tsakiyar Mali shi ne tsohuwar ƙasar Masina, inda Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daular Musulunci a 1818, ya gina birnin Hamdallahi, a zamanin da daular Sakkwato take tashe. Daularsa ce ta tsara yadda garkunan shanu za su riƙa shiga fadamun da ciyawa ke tsirowa bayan ruwa ya ja, ta shata burtalai, ta ɗora wasu gidaje a kan kula da wuraren kiwo, waɗanda ake kira jowro. Da tafiya ta yi nisa, bayan mulkin Faransa da samun 'yancin kai, wannan tsari ya rikiɗe ya zama hanyar tatsar talakan makiyayi. Jowro yana karɓar kuɗi mai yawa kafin shanu su shiga fadama, ma'aikacin gandun daji yana cin tara a kan reshen itacen da aka sara wa awaki, alƙali yana jan shari'ar gona da burtali shekara da shekaru yana ci daga ɓangarorin biyu, gonaki kuma suna ta cinye hanyoyin shanu. A 2012, lokacin da arewacin Mali ta faɗa hannun 'yan tawayen Abzinawa da masu iƙirarin jihadi, sojojin gwamnati suka janye, wasu matasan Fulani na wajen Douentza suka shiga ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta MUJAO domin su sami bindigar da za su kare dabbobinsu daga masu kwasar ganima.

A kan wannan tarin ƙorafi ne wani mai wa'azi Bafulatani, Amadu Kufa, wanda ya kafa Katiba Masina, ya gina kiransa. Ya yi shekaru yana wa'azi da Fulatanci yana sukar manyan malamai da sarakuna da ma'aikatan gwamnati, ana yaɗa muryarsa a wayoyin hannu, kafin mayaƙansa su fara kai hare-hare a farkon 2015. A watan Maris na 2017 ya bayyana tare da Iyad Ag Ghali a sanarwar kafa gamayyar JNIM mai biyayya ga Alƙa'ida, sannan a ƙarshen 2018 ya fito a faifan bidiyo yana kiran Fulanin Afirka ta Yamma da su tashi su yi jihadi, yana ambaton ƙasashensu ɗaya bayan ɗaya. A Burkina Faso ma kusan haka abin ya kasance: Malam Ibrahim Dicko ya yi suna da wa'azi a gidajen rediyon garin Jibo na lardin Soum, yana sukar fifikon da wasu gidajen malamai da na sarauta suke da shi a kan zuriyar bayi, kafin ƙungiyarsa ta Ansarul Islam ta kashe sojoji 12 a Nassoumbou a watan Disambar 2016. Gaskiya ce cewa Fulani suna da yawa a cikin mayaƙan waɗannan ƙungiyoyi, kuma duk mai kare haƙƙin Fulani da ya musa wannan ya zubar da amincinsa tun kafin ya fara magana.

Sai dai akwai wata gaskiyar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, wadda ba a cika faɗarta ba. Fulani miliyoyi ne a waɗannan ƙasashe uku, mayaƙan kuwa dubbai ne, kuma a cikinsu akwai Abzinawa da Larabawa da Bambara da Dogon da Mossi da Gurmawa da Zabarmawa. Shugaban gamayyar JNIM kansa, Iyad Ag Ghali, Ba'abzine ne. Waɗanda mayaƙan Kufa da na Dicko suka fara kashewa kuwa su ne hakimai da limamai da ardo-ardon Fulani da suka ƙi yi musu mubaya'a, ko aka zarge su da kai rahoto ga hukuma. Garken Bafulatani ne ake shiga a ƙirga a kwashe abin da aka ga dama da sunan zakka, ɗansa ne ake zuwa a ce ko ya bayar da shi ko ya bayar da shanu a madadinsa, matarsa ce ake hana zuwa tallar nono. Rugar da ke cikin daji ba ta da caji ofis a kusa, ba ta da barikin soja, kuma idan mutum goma ɗauke da bindigogi suka zo a kan babura suka nemi ruwa da abinci, ardo ba shi da ikon cewa a'a. Washegari idan soja ya zo ya ga sawun babura, wannan ruwan da aka bayar shi ne hujjar haɗin baki.

Kashe-kashen da jami'an tsaro suka yi da hannunsu sun fara tun kafin sojoji su yi juyin mulki a waɗannan ƙasashe, kuma yana da muhimmanci a faɗi haka domin kada a ɗauka cewa matsalar ta gwamnati ɗaya ce. A ranar 19 ga Mayun 2018, a zamanin mulkin farar hula na Ibrahim Boubacar Keita a Mali, an harbe wani soja a kasuwar dabbobi ta Boulikessi, sai abokan aikinsa, waɗanda ke ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta G5 Sahel, suka kashe farar hula 12 a wurin, kuma rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSMA ta tabbatar da hakan. Wata ɗaya bayan haka aka gano gawarwaki 25 a ramuka uku kusa da Nantaka da Kobaka, a tsallaken kogi daga birnin Mopti, har ministan tsaro na lokacin ya amsa cewa akwai hannun wasu sojoji. A Burkina Faso, a zamanin Roch Marc Christian Kaboré wanda shi ma zaɓaɓɓe ne, ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidar mazauna Jibo game da gawarwaki aƙalla 180 da aka riƙa tsinta a gefen hanyoyi da ƙarƙashin gadoji da cikin gonaki tsakanin Nuwambar 2019 da Yunin 2020, mafi yawansu maza Fulani, da yawa an ɗaure musu hannu an rufe musu ido. A watan Mayun 2020 mutum 12 da aka kama suka mutu a dare ɗaya a hannun jandarmomi a Tanwalbougou da ke gabashin ƙasar, hukuma ta ce ba harbe su aka yi ba, danginsu da suka yi musu sutura suka ce sun ga raunuka a kawunansu.

Amma idan za a auna abin da ya fi tarwatsa zaman tare, ni a ganina miƙa yaƙin ga 'yan banga na ƙabila ne. Soja baƙo ne a gari, yana zuwa yana tafiya, shi kuwa ɗan banga maƙwabci ne, ya san garken kowa, ya san wace gona ce ake rikici a kanta tun zamanin kakanni, kuma idan aka ba shi bindiga da izinin neman 'yan ta'adda, tsohuwar gaba ce take fara zuwa masa a rai. A tsakiyar Mali ƙungiyar mafarautan Dogon mai suna Dan Na Ambassagou ta tashi da sunan kare ƙauyukanta, kuma ƙauyukan nata lallai suna buƙatar kariya. A ranar farko ta shekarar 2019 aka kashe Fulani sama da 30 a Koulogon. Da asubahin 23 ga Maris na 2019 wasu mutane cikin shigar mafarauta suka afka wa unguwar Fulani ta Ogossagou kusa da Bankass, suka kashe mutum kusan 160, suka ƙone bukkoki da mutane a ciki, ba su bar mata masu ciki ba, ba su bar jarirai ba. Gwamnati ta sanar da rusa ƙungiyar washegari, ta sauke manyan hafsoshin soja, firaminista Soumeylou Boubèye Maïga ya yi murabus a watan Afrilu, amma ƙungiyar ta musa hannu a kisan, ta ƙi ajiye makamai, ta ci gaba da tsare hanyoyi. A ranar 14 ga Fabrairun 2020, 'yan sa'o'i bayan sojojin da aka girke domin gadin waɗanda suka rage a Ogossagou sun kwashe kayansu sun tafi, maharan suka dawo suka kashe wasu 35. Mutanen garin sun yi ta kiran hukuma a waya tun da yamma suna cewa ana taruwa a kewayensu.

A Burkina Faso abin ya ɗauki irin wannan hanya, sai dai a can gwamnati ta sa masa rigar doka. A farkon Janairun 2019 'yan bindiga suka kashe dagacin ƙauyen Yirgou da wasu mutanensa, sai 'yan bangar Koglweogo suka bi rugagen Fulanin yankin kwana da kwanaki suna kisa. Gwamnati ta ce mutum 49 ne suka mutu, ƙungiyar farar hula ta CISC, wadda aka kafa a sanadin wannan kisa, ta ce sun kai 210. Shekara ɗaya bayan haka majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar kafa 'yan sa-kai na VDP, waɗanda ake ba horon mako biyu a miƙa musu bindiga, kuma bayan Kyaftin Ibrahim Traoré ya karɓi mulki a ƙarshen Satumbar 2022 ya yi shelar ɗaukar ƙarin mutum 50,000. Da yake da amincewar mutanen gari ake ɗaukar ɗan sa-kai, a wurare da yawa Fulani ba su sami shiga ba, sai ya zama ƙabila ɗaya ce a gari take da bindigar gwamnati, ɗayar kuma ita ce abin zargi. A ranar 30 ga Disambar 2022, bayan an kai hari a kan sansanin 'yan sa-kai a garin Nouna, aka bi unguwannin Fulani gida-gida. Hukuma ta ce ta ƙirga gawa 28, Amnesty International ta ce waɗanda suka tsira sun binne fiye da 80. A watan Maris na 2025 kuma hotunan bidiyo suka bazu daga wajen Solenzo a yammacin ƙasar, waɗanda masu kisan da kansu suka ɗauka, ana ganin mata da tsofaffi da yara a kwance an ɗaure wasu, ana yi musu ba'a. Human Rights Watch ta ce Fulani farar hula aƙalla 130 aka kashe a wannan samame na sojoji da 'yan sa-kai, gwamnati kuma ta ce ƙarya ce da ake yaɗawa domin ɓata sunan mayaƙanta.

Sojojin waje ma ba su fita da hannu mai tsabta ba. A ranar 3 ga Janairun 2021 jiragen yaƙin Faransa suka jefa bama-bamai a kan wani taro a ƙauyen Bounti, binciken MINUSMA ya gano cewa taron ɗaurin aure ne na mutum kusan ɗari, kuma cikin 22 da suka mutu 19 farar hula ne. Faransa ta dage cewa mayaƙa ta kashe. A Nijar, bayan an kashe sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da wasu 89 a Chinagodrar a Janairun 2020, mutum 102 suka ɓace a yankin Inates da Ayorou na jihar Tillaberi, waɗanda makiyaya ne Abzinawa da Fulani. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar Nijar, wadda hukuma ce ta gwamnati, ta je ta tono ramuka ta sami gawarwaki 71, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu sojojin ƙasar. Wannan jarumtar da hukumar ta nuna abin a yaba ne, kuma ba a ga irinta a maƙwabtan ba.

Na san abin da mai karatu zai iya cewa a nan, kuma yana da hujja. Sojojin waɗannan ƙasashe suna mutuwa da yawa, a kan albashi kaɗan, a hannun maƙiyin da ba ya sa kaki, wanda yake dasa nakiya a hanya ya koma cikin jama'a. Ƙauyukan Dogon da Mossi da Zabarmawa su ma an yi musu kisan gilla: a Sobane Da ta Mali an kashe Dogon 35 a watan Yunin 2019, yawancinsu yara, a Burkina Faso kuma, a Solhan an kashe sama da mutum 130 a dare ɗaya a Yunin 2021, a Barsalogho, a watan Agustan 2024, mayaƙan JNIM sun buɗe wuta a kan mutanen gari da aka fitar su haƙa ramukan kariya, suka kashe fiye da ɗari. Bayan Solenzo ma JNIM ta koma ta yi ramuwa a kan ƙauyukan da take zargi da taimakon soja. Jinin waɗannan mutane daidai yake da jinin mutanen Ogossagou, kuma gwamnatin da ta zauna ba ta yaƙi masu wannan aiki ba ta ci amanar jama'arta. Abin da nake ƙi shi ne a ce tsohuwar da ke dakan gero a ruga ita ce za ta biya bashin Barsalogho saboda harshenta ɗaya da wanda ya yi harbin. Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, dokokin yaƙi na duniya da waɗannan ƙasashe suka sa wa hannu su ma sun haramta kashe wanda aka kama ko da mayaƙi ne, balle wanda ba a tuhume shi da komai ba.

Ko da mutum ya ajiye maganar adalci gefe ya dubi nasarar yaƙi kawai, lissafin bai fita ba. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙan ƙungiyoyin tsattsauran ra'ayi a Afirka, ta fitar da sakamakon a 2017, inda kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya tura su ga shiga a ƙarshe shi ne wani aikin gwamnati, kamar kashe ɗan'uwa ko aboki ko kama shi. Amadu Kufa ya daɗe yana gaya wa Fulani cewa gwamnati ba tasu ba ce, kuma ba su da mai kare su sai shi. Duk samamen da aka kai kasuwa aka kwashe maza aka tsinci gawarwakinsu a bayan bariki, tabbatar da maganarsa ake yi a idon yaron da ya ga an tafi da mahaifinsa. Bayan Moura yankin da JNIM take iko da shi ƙaruwa ya yi, har ta kai hari a makarantar jandarmomi da filin jirgin saman Bamako a watan Satumbar 2024, a 2025 kuma ta riƙa tare motocin dakon mai da ke shiga babban birnin. Ga kuma asarar da ba a lissafawa: makiyayi shi ne ya fi kowa sanin daji, ya san inda aka kafa sansani da inda babura suke bi, amma ba zai kai wannan labari barikin da yake tsoron idan ya shiga ba zai fito ba.

Abin da ya sa kisan yake maimaituwa shi ne rashin hukunci, kuma a 'yan shekarun nan an ƙara da toshe bakin masu faɗa. Kotun soja ta Mali ta sanar da buɗe bincike a kan Moura a watan Afrilun 2022, amma da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito, martanin gwamnati shi ne sanar da binciken masu rahoton bisa zargin leƙen asiri, saboda sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam ba da izininta ba. Tun a Fabrairun 2023 ta kori shugaban sashen kare haƙƙin ɗan Adam na MINUSMA, Guillaume Ngefa, sannan ta nemi rundunar gaba ɗaya ta fice, ta kuma fice a ƙarshen 2023. A Wagadugu, Dakta Daouda Diallo, babban sakataren ƙungiyar CISC wanda ya sami lambar yabo ta Martin Ennals a 2022 saboda tattara sunayen waɗanda aka kashe, wasu mutane cikin farin kaya suka sace shi a ranar 1 ga Disambar 2023 a gaban ofishin fasfo, ba a sake shi ba sai a watan Maris na 2024, bayan an ga hotonsa cikin kakin soja a bayan mota, mutum mai ilimin haɗa magunguna da aka tura fagen daga domin a hukunta shi. An dakatar da gidajen rediyon waje da suka ba da labarin kisan da ake zargin sojojin Burkina Faso sun yi a ƙauyukan Nondin da Soro. Ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ya rufe wa talakawansu ƙofar kotun ƙungiyar da ke Abuja, a watan Satumbar 2025 kuma suka sanar da ficewa daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Ƙungiyoyin Fulani irin su Tabital Pulaaku, waɗanda a da suke fitar da jerin sunayen mamata bayan kowane hari, yanzu shugabanninsu suna auna kowace kalma kafin su furta ta.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu masu karatu da Hausa. Da yawa daga cikinmu suna ƙaunar Ibrahim Traoré da takwaransa na Mali Assimi Goïta saboda sun kori sojojin Faransa, hotunansu sun cika Facebook da TikTok, kuma duk wanda ya ambaci Solenzo ko Moura sai a ce masa ɗan koren Turawa ne. Ƙin mulkin mallaka abu ne mai kyau, amma wanda aka ɗaure wa hannu aka harbe a Moura ɗan Afirka ne, Musulmi ne, kuma korar Faransa ba ta dawo wa 'ya'yansa da shi ba. Dalili na biyu ya fi wannan ɗaci. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna mutanenmu sun sha azaba a hannun 'yan bindigar daji waɗanda da yawansu Fulani ne, kuma wannan azaba ta sa zukata sun bushe har wasu suna jin labarin kisan Fulani a wata ƙasa su ce Allah ya ƙara. Alhali mun ga da idonmu yadda abin ya faro a nan: 'yan sa-kai suna kama Bafulatani a kasuwa su yanka shi a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, danginsa su shiga daji su sayi bindiga, ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya. A watan Janairun 2023 jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a kan makiyaya a yankin Doma na jihar Nasarawa, waɗanda suke sauke shanun da suka karɓo bayan sun biya tara a Binuwai, mutum kusan 40 suka mutu. Hanyar da Mali da Burkina Faso suka bi ba baƙuwa ba ce a gare mu, sun dai riga mu nisa a kanta ne.

Abubuwan da masu kare haƙƙin jama'a a waɗannan ƙasashe suke nema ba su fi ƙarfin gwamnatin da ke cikin yaƙi ba. Suna neman duk wanda aka kama a rubuta sunansa a kai shi gaban alƙali, a sanar da danginsa inda yake. A sa jandarmomin da ke kula da ɗa'ar soja su raka kowace runduna idan za ta fita samame, kamar yadda dokokin ƙasashen suka tanada. A buɗe ƙofar shiga aikin soja da na sa-kai ga Fulani, a kuma karɓe bindiga daga hannun duk ƙungiyar da aka samu da kisan farar hula. A bar masu bincike su isa wuraren da aka binne mutane tun kafin shaida ta lalace. A Moura, mutanen garin ne aka sa suka haƙa ramukan da aka zuba gawarwakin, saboda haka sun san inda suke, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce suna riƙe da sunayen mutum 238 daga cikin waɗanda aka kashe. Kotun da take son yin shari'a tana da wurin da za ta fara.